Ɗan Kunnen Iya Lami

Ranar Asabar da ta wuce Ummi, ɗiyar ƙanena, ta zo min yini da ƙawayenta biyu 'yan jami'a. Suna zaune a tsakar gida, kowacce ta duƙufa a kan waya, sai na ji ɗaya tana cewa ita ma harkar gwal za ta shiga, ai ba wani abu ba ne: ka duba hatimin da ke jikin maɗauri, ka ɗora a sikeli, ka ɗauki hoto ka tura wa mutane. Ummi ta ce, "Ku tambayi Gwaggo, ta yi sana'ar." Suka ɗago suka dube ni kamar an ce musu na taɓa tuƙa tirela. Ana cikin haka aka kira la'asar, maganar ta watse. Ni kuwa ba ta bar ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan domin su da duk mai irin tunaninsu.

Gaskiya ne ban taɓa zama a rumfar kasuwa ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne maƙerin gwal. Rumfarsa tana cikin kasuwar Sabon Gari, mu kuma muna zaune a Samaru. Kullum da safe ya shiga motar haya ta Palladan ya tafi, ya dawo wajen magariba da wani ɗan gwangwanin alewa a aljihun ciki. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne rabona na aikin. Malam nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan.

Malam ya koyi ƙira a hannun wani dattijo Bayarabe da kowa ke kira Baba Ilori, wanda ya tsufa a Sabon Gari. Malam ya daɗe a rumfar kafin a bar shi ya taɓa gwal. Da tagulla ya fara: ya ja ta ta zama waya, ya lanƙwasa, ya liƙa, tsohon ya duba ya jefa a kwando ya ce a sake. Sai kuma shara. Kada ku yi dariya, sharar rumfar maƙerin gwal ba a zubar da ita. Ƙurar da ke zuba daga magagari, da tokar murhu, da ruwan da aka wanke hannu a ciki, duk tarawa ake yi, in sun taru a ƙone a wanke a fitar da abin da ya ɓuya. Malam ya ce wata rana ya ɗauko reza zai yanke farce, Baba Ilori ya turo masa faranti da ƙafa ya ce, "A nan za ka yanke. Akwai kayan mutane a ƙarƙashinsu."

Sarƙar wata amarya 'yar Muchia ce aikin farko da Malam ya bar min ni kaɗai. Wanki ne. Kayan aikina ba su da yawa: jiƙaƙƙiyar tsamiya, sabulu, tsohon buroshin haƙori mai laushi, farin ƙyalle, da kwanon tangaran, don ba a jiƙa gwal a kwanon ƙarfe. Abu in ya fito daga wuta baƙi yake fitowa kamar gindin tukunya. Sai ya sha tsamiya, a bi shi da buroshi gaɓa bayan gaɓa, a ɗauraye a kan ƙyalle don kada wani ɗan ƙwaya ya bi ruwa. Bayan wannan akwai abin da Malam ke kira wankan amarya. Ana tafasa abin a ruwan alif da gishiri da wani farin gari da yake kawowa, ruwan ya cinye baƙon ƙarfen da ke saman fata, ya bar gwal zalla a waje. Sai ka ga sarƙa ta fito rawaya jawur irin yadda matanmu ke so. Amma wankan fata ne kawai, ciki yana nan yadda yake, kuma Malam bai taɓa miƙa wa mace abin da aka yi wa wankan nan ba sai ya faɗa mata ainihin ƙarfinsa.

Wata Hajiya daga Dogarawa ta taɓa aiko da ɗan curin gwal da ta sayo a Makka, ta ce zobe take so, kuma kada a kuskura a haɗa masa komai. Malam ya buga gefensa ya yi fale-fale, ya kawo gida ya ce in murɗa da yatsa. Ya lanƙwashe min kamar ganye. Ya ce, "Kin gani? Wannan shi ne ashirin da huɗu, tsantsa. In ta sa shi ta tuƙa tuwo sau ɗaya, sai ya koma kamar bakin tsohuwa." A ranar na gane lissafin da ake kira karat. Ana ɗaukar gwal kashi ashirin da huɗu. Idan an ce ashirin da biyu, kashi biyu baƙon ƙarfe ne. Ashirin da ɗaya, kashi uku. Sha takwas, kashi shida. Baƙon nan shi ke ba gwal ƙarfin da zai jure hannun mace mai aiki, shi ne kuma ke ba shi launi. Jan ƙarfe yana ja da shi zuwa ja. Azurfa tana kashe masa rawayar, in ta yi yawa har ya ɗauko kore-kore kamar lemon da bai gama nuna ba. Saboda haka za ka iya ajiye zobba biyu, dukansu sha takwas, ɗaya ja ɗaya fari-fari, kuma babu na ƙarya a cikinsu. Hajiyar ta yarda da ashirin da biyu bayan ita ma an ba ta ta murɗa.

Wata ɗaliba kuma ta shigo min da farin zoben da saurayinta ya ba ta na baiko, tana huci. Ta ce, "Anti, an yi min wayo, kalan ya canza, dubi ƙasan." Na duba, inda yake gogar tafin hannu ya soma yin rawaya-rawaya. Na ce ta zauna ta sha ruwa. Farin gwal gwal ne da aka haɗa da fararen ƙarafa, sannan aka yi masa wani siririn shafe a sama don ya ƙara haske. Shafen ne ke gogewa da wanke-wanke, ana kuma iya sake shi. Zobenta sha takwas ne lafiyayye. Ta tafi tana dariya tana cewa saura kaɗan ta fasa auren.

Hatimin da kuka dogara da shi kuwa, na san shi. 750 sha takwas ke nan, 875 ashirin da ɗaya, 916 ashirin da biyu. Amma abin buga hatimi ɗan ƙarfe ne da guduma, duk wanda ya mallake su zai iya bugawa. Na taɓa riƙe awarwaro mai 875 raɗau a jikinsa, Malam ya ɗan ci gefensa da magagari a inda ba a gani, sai ga jan ƙarfe yana leƙowa.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne dutsen gwaji. Baƙi ne, sumul, bai wuce tafin hannu ba. Tare da shi akwai allurai da aka jera a zobe ɗaya kamar makullai, kowace an san ƙarfin gwal ɗin da ke bakinta, sai kuma 'yan kwalaben ruwan gwaji masu cin fata. Za ka goga abin da aka kawo a kan dutsen ya bar layi, ka goga allura kusa da shi, ka dubi layukan biyu, sannan ka ɗiga ruwan ka ga wanne ya tsaya, wanne ya dushe. Faɗa ba wuya. Wuyar tana cikin kallon. Bambancin yakan zama kamar na shayin da aka ƙara wa ruwa cokali ɗaya. Ba a dubawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ba a dubawa a tsakar rana. Hantsi ake so, a inuwar bango. Malam da wasa ya fara koya min, ran Juma'a da ba ya fita da wuri. Ya goga layi biyu ya ɓoye alluran a hannun riga ya ce in faɗa. In na kuskure ya ce, "Sakandaren nan taki dai ta tashi a banza." In na dace ya ce sa'a ce. Mun yi shekaru muna wannan wasa, har ya daina cewa sa'a ce.

Ku sani kuma, kalmar da maƙeri ya faɗa a kan dutsen nan ba ta ciniki kaɗai ba ce. Da ita ake raba gado tsakanin marayu. Da ita mace ke sanin ko zakka ta hau kanta. Mutane daga Zariya cikin gari har Shika suna cewa a kai wa Malam, abin da ya faɗa shi ke nan.

Shekarar da ta fi mana wuya tana wajen ƙarshen shekarun dubu biyu, lokacin da farashin gwal ya yi ta hawa. Masu sa a ƙera musu suka ragu. Lefe ya koma na ƙarfen da aka shafa wa ruwan gwal. Masu zuwa rumfa yawanci sayarwa suke zuwa yi, a narkar a wuce da shi Kano. Malam yakan ce ya koyi gini ya ƙare a rushe-rushe. Gwangwanin alewa yana dawowa kusan wayam. A cikin wannan shekara, ana gab da kaka, Malama Rifkatu ta yi sallama a gidanmu.

Malama Rifkatu Bahaushiya ce Kirista, tana zaune a Palladan, ita ta koyar da 'yata Sadiya a firamare. Bayan mun gaisa ta kwance bakin hankici ta ajiye min ɗan kunne guda ɗaya. Siffar jinjirin wata gare shi, da 'yan ƙwayoyi a ƙasa kamar tsabar gero. Launinsa ja-ja ne mai sanyi, irin wanda ban saba gani a kayan kanti ba.

Ta ce, "Maman Sadiya, na Iya ne. Baba ya sa aka ƙera mata a ƙauye shekarar da gyaɗa ta yi kyau, tun kafin su shiga coci. Bara wajen yankan dawa ɗayan ya faɗi. An tankaɗe ƙasar wurin kamar za a yi tuwo da ita, ba a gani ba. Tun ranar ta cire wannan, ta sa tsinken tsintsiya a kunnuwa don kada hudar ta toshe."

Na ce, "Ba ki sayo mata wani ba?"

"Na sayo mata ɗan Dubai mai kyau. Ta juya shi ta ce in kai wa masu zuwa ofis, ita ba za ta rataya gwaiduwar ƙwai a kunne ba. Ga bikin godiyar kaka yana zuwa, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, ta ce ba za ta tsaya gaban jama'a da tsinke ba. Ko a samo ɗan'uwansa, ko ta zauna a gida."

Malam ya yi murna da aikin, don ya daɗe bai samu abin da za a ƙera daga farko ba. Ya tafi da shi rumfa, ya gwada, ya ce ashirin da ɗaya ne. Ya ƙera ɗan'uwan, ya kawo min su biyun a gwangwani in wanke sabon.

Washegari da hantsi na jera su a kan farin ƙyalle. Siffa kam ba ka raba su, har ƙwayoyin geron. Amma sabon rawaya ne, tsohon ja. Ba sai an ƙura ido ba. Malam yana zaure yana sa takalmi, na ce, "Malam, ɗan zo ka ga wani abu."

Ya zo ya duƙa. Ya ce, "Me ya same su?"

"Ba su yi kama ba."

"Ke dai kin cika tsirfa. Ina bambancin?"

Ya ɗauke su ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya ajiye. Can ya ce in ɗauko dutse. Ya miƙo min alluran ya juya baya ya ce in goga biyu, duk waɗanda na ga dama. Na goga sha takwas da ashirin da ɗaya. Ya juyo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allura ɗaya kika goga sau biyu."

Na nuna masa alluran da ke hannuna. Ya zauna a kan turmi, ya yi salati a hankali. Ya ce, "Ashe sabulunki ba shi da laifi. Watanni ke nan ina ganin fararen rigunana kamar ba su wanku ba, ina ta cewa ki ƙara bula."

Da ya je asibiti, likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa idanu, irin wadda ke sa mutum ya ga komai da rawaya-rawaya kamar ta cikin tsohon gilashi. Ya ce za a iya aiki, amma ba yanzu ba. Malam yana ganin hanya, yana ganin siffa, yana karanta sikeli da tabarau. Launi ne ya guje masa, kuma bai san tun yaushe ba.

Da ya dawo, ba idon ne ya fi damunsa ba. Ya zauna yana tuno gidajen da ya yi wa gwajin gado a 'yan watannin nan. Muka bi su tare, shi ya tsaya a zaure ya yi bayani, ni in shiga wajen mata da dutse. Yawanci daidai muka samu. A gida ɗaya a Dogarawa, awarwaron da ya ce ashirin da ɗaya ne ya fito sha takwas, kuma a rabon ƙaramar marainiya ya faɗa. Aka kira malamin da ya yi rabon aka gyara. Mutanen gidan sun yi masa godiya, amma da muka iso gida ya ciro makullin rumfa ya rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa.

Ya ce, "Ba zan ci abinci da kalmar da ban tabbatar ba. Saura ɗan kunnen nan, amana ce na karɓa. Zan gwada da idonki. In ya fito, to. In bai fito ba, in mayar wa mai rumfa makullinsa in koma gona."

Ya aika aka kira Malama Rifkatu ya faɗa mata komai, har da cewa na farkon ya ɓaci. Ya ce in tana so ta kai wa wani, ba zai ji haushi ba. Ta ce, "Malam, wa zan kai wa? Wanda zai yi masa fenti ya ce ya yi? Ku yi a hankali. Mu ma za mu sa ku a addu'a."

Zaure ya koma maƙera. Ya kwaso ƙaramar uwar maƙerarsa da yake bugu a kai, da ƙaramin kaskon narkarwa, da hantsaki, da bututun gas, da sikeli. Abu na farko da ya hana ni shi ne yawan goga tsohon ɗan kunnen, don kowane layi gwal ne ke barin jikinsa, kuma ba namu ba ne. Sau ɗaya na goga bayan ƙugiyar, na ja layi mai ɗan tsawo a gefen dutsen. Na ɗiga ruwa a ƙarshensa na ga wajen sha takwas yake tsayawa. Sauran layin na kife masa kofi don kada yara su shafe, shi ya zama abin kwatancenmu.

Malam ya narkar da wanda ya ɓaci. Ya riƙa yankar ɗan kaɗan yana ƙara masa jan ƙarfe daga wayar lantarki, ya narke ya zama ƙwaya, ya buga ta ta baje, ya miƙo min. Ni in goga kusa da layin Iya in faɗi abin da na gani. A nan na gane gani daban, faɗa daban. In na ce ya yi ja, sai ya ce, "Ja kamar me? Ni ba zan auna 'ja' a sikeli ba." Dole na koyi yi masa magana da abin da ya sani tun idonsa na lafiya. In ce wannan kamar ɓawon albasa ne, na Iya kuwa kamar shayin da ba madara in an ɗaga shi a haske. Sai ya gyaɗa kai ya ce jan ƙarfe ya yi yawa, a sa azurfa kamar ƙwayar riɗi. Ya sake narkarwa, in ce yanzu ya koma kamar zuma farar saƙa. Ya ce to an wuce, a dawo baya kaɗan. Shi a ganinsa maƙerin ƙauyen da tsohon kwabo ya haɗa, a kan gwal ɗin rafi wanda dama yana zuwa da 'yar azurfarsa, shi ya sa jan ya yi sanyi.

Hantsi kaɗai muke da shi. Rana tana hawa bango sai in kife kofi, ya kashe wuta, sai gobe. Wata rana hadari ya rufe gari, ya ƙi yarda mu duba ko kaɗan. Na sha ganin hannun Malam yana aiki, amma ban taɓa zama kusa haka ba. Mutumin da bai iya raba ja da rawaya ba, amma yana jin nauyin ƙwayar azurfa a bakin hantsaki kafin sikeli ya faɗa, yana kuma gane gwal ya narke daga yadda yake juyawa a kasko.

Ranar da layukan biyu suka haɗu, na goga na duba na kasa gane inda ɗaya ya ƙare. Na juya dutsen na sake dubawa ta ɗaya gefen. Na ɗiga ruwa, suka tsaya tare. Na ce, "Malam, shi ne."

Ya ce, "Kin tabbata, ko kin gaji?"

"Na gaji, kuma na tabbata."

Ya ƙera jinjirin watan, ya liƙa ƙwayoyin geron ɗaya bayan ɗaya. Da zai miƙo min ya ce, "Kada ki yi masa wankan amarya. Ko tsamiyar ma za ta ɗaga masa rawaya a fata, sai kin goge ta." Haka aka yi. Ya fito daga tsamiya ya fi ɗan'uwansa haske. Na bi shi da lallausar toka da guntun fata ina murzawa a hankali har launin ciki ya fito. Sannan na riƙa shafa shi da ƙyallen da ya sha man kaɗanya, don ɗan'uwansa ya yi shekaru yana shan man a kunnen Iya, ba zai yiwu wannan ya je yana ƙyalli kamar baƙon biki ba.

Malama Rifkatu ta kawo Iya Lami da kanta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tsage a kumatu, muryarta ta fi jikinta girma, ga tsinkayen nan a kunnuwa. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar bango. Malam ya zauna a bakin zaure ya ce, "Iya, sannu da hanya."

"Yawwa, Maƙeri. Ina kayan?"

Na jera su a farin ƙyalle ban ce wanne ne wanne ba. Ta duƙa ta kalla. Ta ɗauke su ta ɗora a tafin hannu, ta juya wa haske, ta murza kowanne da babban yatsa. Sai ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan ne nawa. Ƙugiyarsa ta san hanya. Wancan baƙo ne."

Malam ya sunkuyar da kai. Malama Rifkatu ta ce, "Haba Iya."

"Ke bari in gama. Na ce baƙo ne, ban ce bare ba ne. Jininsu ɗaya. Da a gona na tsince shi, cewa zan yi nawa ne ya je birni ya huta ya dawo." Ta zare tsinken dama ta jefar, ta zare na hagu, ta miƙa wa 'yarta kunne. "Sa min baƙon a dama, ya saba da aiki."

Da aka sa mata ta girgiza kai hagu da dama tana jin nauyinsu, ta ɗan yi gyaran murya kamar mai shirin ba da waƙa. Sannan ta juya wajen zaure.

"Maƙeri, an ce ba ka gani."

"Ina ganin hanya, Iya. Launi ne ya guje min."

"To wa ya gano jan?"

"Ga ta nan kusa da ke."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama haɓata ta leƙa idanuna kamar mai sayen akuya. Ta ce masa, "To ka riƙa sayo mata hanta."

Washegari Malam ya karya kumallo, ya sa farar rigarsa, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauki makulli ya fita. Dutsen da alluran da kwalaben ya bar su a kan tagar ɗakina.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, ina dama kunu da hantsi, wata mata da ban sani ba ta yi sallama, da jaka a ƙarƙashin mayafi. Ta ce, "Nan ne gidan maƙerin Sabon Gari? Kayan marigayiya innarmu ne za a raba. Na kai masa rumfa ya ce in zo nan. Na ce, Malam, da can ai nan take kake faɗa. Ya ce da can idon yana rumfa, yanzu yana Samaru, in yi sauri kafin rana ta hau bango."

Na ce ta shigo. Na sauke tukunya, na wanke hannu, na shimfiɗa farin ƙyalle.